Hambirki ya ƙi saki? Ga yadda ake gyaran kebul ɗinsa in ya cije

Jama'a assalamu alaikum. Duk shekara da zarar ruwa ya kankama a Ikko, musamman daga Mayu zuwa Yuli, sai ka ji ƙorafi iri ɗaya daga 'yan uwa masu mota a Agege da Mile 12 da Idi-Araba, mutum ya ajiye mota ya ja hambirki, bayan 'yan kwanaki ya zo ya sauke, hannun ya sauka lafiya lau amma motar ta ƙi motsi, ko kuma ta tafi amma da nauyi, tayar baya ɗaya tana zafi tana ƙauri. Abin da yake damuna shi ne maganin da ake yawan yi, a kira yaro daga gareji ya shiga ƙarƙashi ya datse kebul ɗin da filaya, shikenan wai an gyara, daga ranar mai motar ya koma yawo da dutse a but. Wallahi wannan ba gyara ba ne, ka cire wa motarka birki guda ne sukutum, kuma shi ne wanda zai cece ka ranar da man birki ya tsiyaye. Aikin kuma ba wani mai wahala ba ne, in kana da haƙuri da 'yan kayan aiki za ka iya da kanka, in ma bakanike za ka kai wa to gara ka san me ya kamata ya yi.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki don kar a yi ta duka a inda ba nan ne ciwon ba. Hambirki ba ruwansa da man birki, waya ce kawai ta ƙarfe a cikin kube, irin ta birkin keke sak sai dai ta fi kauri. In ka ja hannun, ko ka taka ɗan fedal ɗin nan na gefen hagu a motoci irin su Sienna da Highlander da Camry da yawa, kebul na gaba zai ja wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin mota wanda yake raba ƙarfin gida biyu, kebul ɗaya ya tafi tayar baya ta dama ɗaya ta hagu. Ja da hannunka kake yi, amma saki ba kai kake yi ba, wani ɗan sifirin ne a can wajen taya yake mayar da wayar. To ka ga hannun mutum yana da ƙarfin da zai ja waya ko da ta yi tsatsa, shi kuwa sifirin ɗin ba shi da wannan ƙarfin, shi ya sa kusan kullum a kame yake cijewa ba a sake ba.

Tsatsar kuma a garin nan ba sai an nemo ta ba. A bakin kowane kebul akwai 'yar roba da take hana ruwa shiga, da ta tsage ko kuben ya goge a jikin ƙarfe ya fashe, ruwa zai shiga kuma ba shi da hanyar fita. Ka haɗa da ruwan kwata da muke kutsawa ciki duk damina, da iskar teku mai gishiri ga masu zama ko aiki wajen Lekki da Ajah da Apapa, sannan tokunbo da yawa da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tin Can daga Amurka da Kanada suke, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tun daga can ƙarƙashinsu ya fara ci. Amma babban dalilin a ganina rashin amfani ne. Masu otomatik da yawa sai su yi wata da watanni ba su taɓa hambirki ba, P kawai suke sawa su fita, wayar tana zaune wuri ɗaya tsatsa tana ɗaure ta, ranar da aka ja sai ta tafi ta ƙi dawowa.

Alamomin ba sa ɓuya. Hannun birkin ya yi sako-sako, ka ɗaga shi ya tafi sama ba wani nauyi a farkon, wannan yana nufin wayar tana can a jaye ba ta dawo ba. Ko kuma akasin haka, ya yi tauri sai ka sa hannu biyu. Mota ta yi nauyi wajen tashi, a gosulo in ka ɗaga ƙafa daga birki ba ta silalewa da kanta yadda ta saba, shan mai ya ƙaru, in ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da rim na baya za ka ji ɗaya ya fi ɗaya zafi nesa ba kusa ba. Kusa na ce, kar ka taɓa, yana iya saɓule maka fata. Kuma dan Allah kar ka ce bari in lallaɓa in ƙarasa Oshodi tukuna, zafin nan yana cinye layinin, wato abin da yake goga a jikin dram ya tsayar da taya, yana narka giris ɗin boris, kuma yana iya tafasa man birkin kansa. Sabon mai DOT 3 sai ya kai wajen digiri 205 kafin ya tafasa, amma wanda ya daɗe ya sha danshi tun daga wajen 140 zai iya tafasa, kuma in ya tafasa ka taka birkin ƙafa sai ka ji ya tafi ƙasa babu komai. Ka yi tunanin wannan a kan gadar Third Mainland.

In a ajiye motar take ta ƙi tashi, akwai abin da za ka fara gwadawa kafin ka ɗauko jak. Ka ja hannun ka saki da ɗan ƙarfi kamar sau goma, sannan ka tada mota ka sa giyar gaba ka ɗan taka totur kaɗan, ka sa ribas ka ɗan taka kaɗan, a hankali fa ba da wuta ba. In ka ji ƙara ƙwas daga baya motar ta saki, to galibi ba kebul ba ne, layinin ne ya manne a jikin dram saboda an ajiye motar da jiƙa, wannan yana yawan faruwa bayan an shiga ambaliya ko an dawo daga wankin mota. In ba ta saki ba bayan 'yan gwaji to ka bari haka, matsa mata zai iya ɓamɓare layinin daga jikin ƙarfensa, aiki ya ƙaru.

Kayan da za ka tanada, jak da abin tokare mota na ƙarfe guda biyu, wil sifana, sifana 10 da 12 da 14, filaya, babbar sukudireba mai faɗin baki, guduma da guntun katako, burushin ƙarfe, gwangwanin man fesawa na kwance tsatsa irin su WD-40, giris kaɗan, tsumma da tocila.

Maganar tokare mota zan ɗan tsaya a kanta don nan ne ake rasa rai. Ka tuna tayoyin baya za ka ɗaga kuma birkin da yake riƙe su shi kake kwancewa. Ka samu ƙasa mai tauri wadda ba gangare, ba ƙasar da ruwa ya jiƙa ba don jak yana nutsewa, ka sa giya a P ko giya ɗaya in manuwal ce, ka sa weji a gaba da bayan tayoyin gaba duka biyu. Ka sassauta notin taya tun motar tana ƙasa, sannan ka ɗaga, ka ɗora ta a kan abin tokarewa. Kar ka yarda ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yana rugujewa ba sanarwa. Tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin motar a kwance, ƙarin kariya ce.

To yanzu an zo wurin da ya fi muhimmanci, gano ainihin inda ya cije. Hannun birki yana ƙasa, ka juya kowace taya da hannu. In ɗaya ce ta ƙi juyawa to matsalar tana wannan ɓangaren, in duka biyun ne to ka fi zargin kebul na gaba ko ɗan ƙarfen da yake raba su ko shi kansa hannun. Sai ka cire tayar ka ga wane irin birki ne a bayan, don iri uku ne kuma kowanne da yadda ake bi da shi.

Na farko wanda yake da diski kuma kebul ɗin ya zo ya maƙale a wani ɗan hannu a bayan kalifa, wato ƙarfen da yake matse diskin in an taka birki, kamar yadda yake a Accord da Golf da yawa. Wannan ya fi sauƙi don komai a fili yake. Ɗan hannun nan in birki yana sake ya kamata ya koma ya jingina da matsayarsa, in ka ga akwai tazara to a jaye yake. Ka sa sukudireba ko filaya ka mayar da shi, in diski ya saki nan take sai ka zare kan kebul ɗin daga jikinsa ka gwada su daban-daban. Ka motsa ɗan hannun shi kaɗai, in yana tafiya yana dawowa da kansa to kalifa lafiyarta ƙalau, kebul ne. In kuwa shi ne yake da tauri ko da ba kebul, to ko ka sayi sabon kebul ka yi asarar kuɗinka, kalifar ce take son a kwance ta a wanke ko a canza. Nan ne ake yawan cin kuɗin mutane a banza. Kuma in aikin ya kai ga mayar da fistin ɗin irin wannan kalifar ciki, murɗa shi ake yi yana shiga, ba a danna shi da ƙarfi kamar na gaba, in aka danna an lalata ta.

Na biyu dram zalla, irin na yawancin Corolla 2003 zuwa 2008 da suka cika gari. Na uku kuma diski ne a waje amma a cikin tsakiyarsa akwai ɗan ƙaramin dram da layinin na hambirki kaɗai, haka Highlander da Lexus RX da Camry masu diski a baya suke. Waɗannan biyun dole sai ka cire dram ko diskin kafin ka ga kan kebul, kuma in birki ya kama ba zai fito ta daɗi ba. Ka fara sassauta notin saiti, yawanci sifana 10 ce, yana gindin hannun birki ƙarƙashin robar tsakiya ko kuma a ƙarƙashin mota wajen marabar, wato ɗan ƙarfen nan da yake raba kebul gida biyu. Sannan ka nemi 'yar taga da aka toshe da roba, a dram zalla tana bayan farantin, a mai diski tana fuskar diskin, ta nan ake sa sukudireba a juya ɗan ƙarfe mai haƙora a janye layinin baya. Ka ɗora katako a jikin dram ka buga da guduma zagaye, ba a gefen bakinsa ba don yana tsagewa. Toyota da yawa suna da ramuka biyu masu zare a fuskar dram, in ka ɗaura bol ɗin da sifana 12 take kamawa a ciki kana juya su bi da bi kaɗan-kaɗan, da kansa zai turo waje. In ka ji yana fitowa yana janyo layinin to ka tsaya ka ƙara janye saitin, kar ka tsinke ƙusoshin da suke riƙe da su. Da ya fito ka ɗau hoto tukuna kafin ka taɓa komai, sifirin ɗin ciki suna da rikitarwa wajen mayarwa. Ƙurar ciki kuma kar ka hura ta da baki ko da iska, illa ce ga huhu, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Da ka zare kan kebul daga taya, ka zare ɗaya kan daga maraba, sai ka kama wayar ciki ka ja ka tura. Mai lafiya da yatsu biyu take zamewa. In sai da filaya take motsi ko ta ƙi gaba ɗaya to ka kama ɓarawon. Ka bi kuben da hannu tun daga farko har ƙarshe da tocila, kana neman inda ya kumbura, ko ya fashe, ko ya lanƙwashe saboda an taɓa sa jak a kansa ko mota ta daki dutse a ramin titi, ko inda ya narke saboda ya jingina da salansa.

Gaskiyar magana a nan ita ce, in kuben ya fashe ko ya kumbura, ko ka ga silin wayar ko da guda ɗaya ya tsinke ya miƙe, kar ka ɓata mai da lokacinka, sabo za ka saya. In kuwa jikinsa lafiya tauri ne kawai, to ana iya ceto shi. Ka kwance shi gaba ɗaya daga motar, ka goge bakunan biyu da burushin ƙarfe, ka janye 'yar robar ka fesa mai a ciki, ka kama kan wayar da filaya kana ja kana turawa, da farko ba za ta motsa ba sai kaɗan, ka ci gaba, za ka ga jan ruwan tsatsa yana fitowa ta ɗaya bakin. Dabarar da ta fi aiki ita ce ka rataye shi a tsaye, ka yanke kusurwar leda ka zura bakin kuben ka ɗaure da roba tam, ka zuba man a cikin ledar ka bar shi ya kwana yana tsiyaya ciki, da safe ka sake ja da turawa har sai man da yake fita ya yi haske. Kebul na yanzu da yawa akwai shimfiɗar roba a cikinsu, don haka in ka samu man fesawa na silikon ka ƙarasa da shi ya fi, baƙin mai da ya mutu kuwa ƙasa kawai yake tarawa. Wuta kuma kar ma ta zo kusa, na san wasu suna cewa a gasa shi da wutar walda ya saki, robar ciki za ta narke ta ƙara ɗaure shi, ga tankin mai a daidai wurin. Ka sani fa ko ya saki, wayar da ta riga ta yi tsatsa ta yi kaushi, zai kai ka wani lokaci amma ka fara tanadin sabo, ni in motar haya ce ko ta ɗaukar iyali ba na ba da shawarar a tsaya kan mai.

In za ka shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ka tafi da tsohon a hannunka, kar ka dogara da faɗin sunan mota da shekara kawai, don mota ɗaya na mai dram daban na mai diski daban, sau da yawa na dama da na hagu ma tsawonsu ba ɗaya ba. Ka jera su a ƙasa ka gwada tsawon kube, da tsawon wayar, da siffar kawunan, da inda maƙalan suke. In tokunbo za ka ɗauka ka ja wayar da hannunka a gaban mai shagon, ka duba robobin bakin, in ba ta zamewa sumul ka ajiye masa, don shi ma daga ƙarƙashin wata motar aka ciro shi. In aljihu zai iya ka canza biyun lokaci ɗaya, ruwan da ya shiga ɗaya ya shiga ɗan'uwansa.

Wajen mayarwa ka bi hanyar da tsohon ya bi daidai, kowane maƙali ya koma wurinsa, kar a ɗaure da waya ko tsumma a ce ya isa, kebul da yake lilo zai goge ya fashe cikin 'yan watanni. Ka tabbata bai taɓa salansa ba. Ka shafa giris kaɗan a marabar da zaren notin saiti da mahaɗar ɗan hannun, amma ko ɗigo kar ya taɓa layinin ko fad ko cikin dram, in man fesawa ya zuba a kan layinin ya jiƙa shi to canzawa za ka yi, wanki ba ya fitar da shi.

Saiti kuma daga taya ake farawa ba daga hannu ba, wannan mutane da yawa suna juya shi. Ka mayar da dram, ka juya ɗan ƙarfen mai haƙora har layinin ya kama, sannan ka mayar da shi baya kaɗan-kaɗan har dram ya juya da 'yar gogayya mara nauyi. Ka taka birkin ƙafa sau da yawa komai ya zauna. Bayan nan ne za ka koma kan notin kebul, ka ɗaure kaɗan ka ja hannun kana ƙirga ƙarar haƙoran, yawancin ƙananan motoci tsakanin 5 zuwa 8 suke kamawa tam, littafin motarka zai faɗa maka nata. Ka sauke ka je ka juya tayoyin biyu, dole su juya ba riƙo, jar fitilar dashbod kuma ta mutu. In ka ɗaure ya wuce kima ka dawo da matsalar da ka gudu da hannunka. Ka sauke mota ka ɗaure notin taya a gicciye, ka samu ɗan gangare a layin da ba mutane, ka sa giya a N ka ja hambirki ka ɗaga ƙafa a hankali tana nan kusa da birki, motar ta tsaya cak. Sannan ka ɗan zaga unguwa ka dawo ka ji zafin rim ɗin biyu, ya zama ɗaya. In lokacin sabunta takardar lafiyar mota ya zo, na'urar wuraren gwajin Legas tana auna birki, ka ga ka huta da wannan ma.

Duk bayanin nan na masu kebul ne fa. In motarka sabuwar yayi ce mai ɗan maɓalli da aka rubuta P a zagaye, yawancinsu ƙaramin moto ne a jikin kalifa, sai an sa shi yanayin gyara, wasu da kwamfuta, kafin a kwance, wannan ka kai wa wanda ya san shi.

Don kar ya dawo, ka riƙa jan hambirki kullum ko da otomatik ce, ka taka birki, ka ja shi, sannan ka sa P, haka nauyin motar yana kan birki ba kan ɗan ƙarfen da yake kulle giya ba, wayar ma tana motsi tsatsa ba ta samun zama. In ka ratsa ruwa mai zurfi ka ɗan yi tafiya kana tattaka birki ya bushe kafin ka ajiye. Duk sanda aka ɗaga motar don juyen mai ka ce a leƙa robobin bakin kebul. Sai dai in ajiyar mai tsawo ce, kamar za ka tafi gida sallah ko biki ka bar motar sati biyu ko fiye a waje cikin damina, to nan kar ka ja shi, ka ajiye a wuri mai shimfiɗa, ka sa P ko giya ɗaya, ka sa weji gaba da baya, in akwai wanda ka yarda da shi ka bar masa makulli ya riƙa tada ta yana ɗan motsa ta gaba da baya duk mako.